KOGON HAƘORI: ABIN DA KE CIN TURAMEN SAMARINMU

(Jawabin da ɗaya daga cikin malaman lakwal ɗinmu ya karanta wurin taron ƙungiyar ƴan asalin Tchaké, bayan girbi.)



Iyayenmu dattawa, uwayenmu mata, malamai, da ku yayye da ƙanne da kunka komo daga bida, muna gaishe ku, muna yi muku barka da zuwa. Waɗanda ba su samu zuwa ba, na Maraɗi da Yamai da Kano da Agadas, takardar ga za ta iske su inda suke.

Shugabannin ƙungiya sun ce mu yi magana bisa wani abu da ya dami gari. Mun duba, mun ga ana maganar rijiya, ana maganar hanya, ana maganar takin gona, amma akwai wata ɓarna da ke cikin bakin ɗiyanmu wadda ba a kawo ta gaban taro, don kowa na ganin ƙaramin abu ne. Ita ce kogon haƙori, musamman na turame, ga samari da ƴammata da matan aure masu shekara 18 zuwa 30. Mu aikinmu alli da allo ne, to amma abin da munka koya wurin horon malanta, da abin da munka ji ga ma'aikatan lafiya, shi ne za mu faɗa muku da Hausa.

Ga abin da ya tada maganar. Wata damina da ta wuce, ana tsakiyar noman farko, wani saurayi da munka karantar tun yana ƙarami ya kwanta da kumburin kumatu. Shi ne ƙarfin gidansu, ubanshi ya tsufa. Turminshi na ƙasa ya daɗe yana yi mashi zogi, yana cusa garin taba da kanwa cikin kogon, yana haɗiyar ƙwayar ƴan talla. Sai wata rana ciwon ya ɗauke, ya ce ya warke. Bayan ƴan makonni fuska ta haye, baki ya ƙi buɗuwa, ko hura ba ta wucewa sai da ƙyar. Sai da anka sai da akuya anka kai shi birni. Allah ya yi da sauran kwana, ya tashi, amma haki ya riga ya cinye rabin gonar, kuma bashin da anka ci bai biyu ba sai da ya sake tafiya bida. Haƙori guda ne ya jawo wanga duka.

1. TURAMEN BAKI

Babban mutum na da haƙori 32 in sun cika. Daga cikinsu 12 su ne turame, uku a kowane lungu na baki, sama da ƙasa, dama da hagu. Waɗanda sunka raɗa musu wanga suna sun san abin da suke faɗi, don aikinsu daka ne da niƙa. Da su muke tauna goruba, da su muke fasa aya da gujiya, da su muke cin tuwo da ƙilishi.

Turmin farko yana fitowa yaro na da wajen shekara 6, wato daidai lokacin da ake kawo muna shi ajin CI. Yana fitowa can baya, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba, shi ya sa uwaye da yawa ke zaton haƙorin nono ne, in ya ruɓe wani zai maye. To ba haka ba ne. Haƙoran nono 20 ne, su ake famfara. Wanga turmi kuwa shi ke nan har tsufa. Na biyu yana fitowa wajen shekara 12. Na uku, wanda Faransawa ke kira haƙorin hankali, yana fitowa tsakanin shekara 17 da 25, wani ma ba ya fito mashi ko kaɗan.

Ke nan saurayi mai shekara 20, turminshi na farko ya yi shekara 14 yana aiki. In tun yana lakwal ɓarna ta fara, lokacin da zai yi aure ne ciwon zai bayyana.

Ku sa harshe bisa turminku yanzu, za ku ji saman ba sumul yake ba, akwai tudu da kwari da ƴan tsagogi. Cikin tsagogin nan abinci ke maƙalewa. Ga shi kuma turame na can baya, inda ido ba ya gani, inda asawaki ba ya cika kaiwa. Abin da ya sa su ne kan fara lalacewa ke nan.

2. BA TSUTSA BA CE

Mun taso muna jin ana cewa tsutsa ke cin haƙori. Har akwai masu yawo kasuwa suna turara ma mutum hayaƙi, su nuna mashi wani farin abu cikin ruwa su ce ga tsutsar ta fito. Ba mu kaɗai munka yi wanga zato ba, Turawa ma sun daɗe a kanshi. Wani Bafaranshe mai aikin haƙori, Pierre Fauchard, cikin littafin da ya buga a 1728, ya ƙaryata zancen tsutsa, ya kuma ɗora laifi bisa sukari. A 1890 wani Ba'amurke mai suna Miller, da ke aiki a Berlin ta Jamus, ya bayyana yadda abin ke faruwa.

Uwayenmu mata za su fi kowa gane shi. In kin bar kunu ko ruwan tsari ya kwana cikin ƙwarya, da safe me za ki iske? Ya yi tsami. Wasu halittu ne ƙanana da ido ba ya gani, waɗanda a lakwal muke ce ma mikurob, sunka ci abin da ke ciki sunka mai da shi tsami. Irinsu na nan cikin bakin kowa, suna zaune cikin farin dattin nan mai yauƙi da ke mannewa ga haƙori, wanda in ka kankara da farce za ka gani. Da zarar sukari ya shiga baki, cikin ƴan mintoci sun ci, sun zubo tsami bisa haƙori.

Shi kuwa haƙori yana da hawa uku. Akwai farin ɓawo na waje, wanda duk jikin mutum babu abin da ya kai shi tauri. Ƙarƙashinshi akwai wani mai kama da ƙashi, wanda bai kai shi ƙarfi ba. Can tsakiya akwai jijiya da hanyoyin jini. Tsamin nan shi ke narkar da farin ɓawon kaɗan kaɗan. Miyau ne ke zuwa ya wanke tsamin, ya mai da ma haƙori abin da ya rasa, amma yana bukatar wajen rabin awa zuwa awa guda kafin ya gama. In an bar mashi lokaci, gyara yake. In kafin ya gama an sake zuba wani sukarin, ɓarna ta fi gyara yawa, yau da gobe sai ɓawon ya huje. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A ƙasar Suwidin an jarraba wanga abu bayan 1945, a wani asibiti da ake kira Vipeholm, anka buga sakamakon a 1954. An riƙa ba majinyata alewa mai danƙo ba da yardarsu ba, abin da duniya ta yi tir da shi daga baya. Amma abin da anka gano ya tabbata: wanda ya ci zaƙi tare da abincinshi, ɓarnar kaɗan ce, wanda ke tsotsar alewa tsakanin abinci da abinci, shi ne haƙoranshi sunka ruɓe. Ke nan yawan maimaitawa cikin yini shi ne babban abin tsoro.

3. DON ME SAMARI, BA TSOFAFFI BA?

Dattawa za su ce: mu ba mu san burushi ba, ga mu da turamenmu. Gaskiya ne, kuma ga dalili. Ku kun tashi da tuwon hatsi, da hura da nono, da miyar kuka. Zaƙin da kunka sani shi ne zuma in an samu, da takanɗa lokacinta, da dabino ranar ɗaurin aure, da goruba ta Gulbin Kaba. Sukari kuwa sai baƙo ya zo. Haƙoranku sun yi ja da goro, sun siɗe da tauna, waɗansu na girgiɗa saboda ciwon dasashi, amma kogo bai yawaita ba.

Ku duba yinin saurayin yau. Da safe koko da sukari, ko shayi da madarar gwangwani da burodi. Da hantsi alewa ko biskit. In rana ta yi zafi, lemun kwalba ko yawur mai sanyi. Ita kanta hurar yanzu sai an zuba mata sukari. Da dare kuma ga fada, wadda ta zama al'adar samari tun shekarun 1990: a ɗora buta bisa gawayi, na farko, na biyu, na uku, kowane da sukarinshi, ana kurɓa ana hira awa biyu ko uku. Duk tsawon zaman nan turame cikin tsami suke. Daga nan sai shimfiɗa, baki ba wanki. Ga shi kuwa in mutum na barci miyau raguwa yake, babu mai wanke tsamin har safiya.

Ku ƴan bida kun fi mu sanin sauran. Mai aikin gini a Legas ko Aljeriya, da mai haƙar zinari tun da anka gano na Jado a 2014, ba ya samun tuwo kan lokaci. Shayi da biskit da lemu su ne abincinshi, ruwa kuwa tsada. Wanda ke shan tiramol don ya jure aiki, ƙwayar na busar da baki, tana kuma ɓoye zogin haƙori har ɓarna ta yi nisa. Haka nan da azumi: daga shan ruwa zuwa sahur zaƙi bisa zaƙi, a koma barci ba asawaki.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da babban mutum ke sha a yini kada ya wuce wajen garam 50, kimanin ƙaramin cokali 12, in so samu ne ma rabin haka. Kwalbar lemu guda ta santilita 33 na ɗauke da wajen garam 35. Ku ƙara da shayin safe da na fada, ku yi lissafin da kanku. A rahotonta na 2022 kuma ta ce mutum wajen miliyar 2 a duniya na da kogo a haƙoran girma ba tare da an yi musu magani ba. Ke nan ciwon ba na Tchaké kaɗai ba ne, duk inda sukari ya yi araha ya bi shi. Zuma ce, ga zaƙi ga harbi.

4. YADDA CIWON KE TAFIYA

Mataki na farko, wani ɗan tabo fari kamar alli, ko baƙi cikin tsagar turmi. Babu zafi. A nan in an rage sukari, ana wanke baki, yana iya tsayawa.

Mataki na biyu, kogo ya kai hawa na biyu. Ruwan randa mai sanyi ko abu mai zaƙi in ya taɓa wurin sai ka ji tsam, sa'an nan ya wuce. Nama na maƙalewa. A nan mai aikin haƙori zai share kogon ya cike shi, haƙori ya tsira. Kogo ba ya cikewa da kanshi kamar gyambo, ko da wane irin magani anka sha.

Mataki na uku, ɓarna ta kai ga jijiya. Shi ne zogin da ke hana barci, ya hau kunne, ya hau kai.

Mataki na huɗu shi ne mai yaudara, shi ne ya yaudari yaron da munka ba ku labari. Ciwo ya ɗauke don jijiyar ta mutu, mikurob kuwa sun bi saiwa sun sauka cikin ƙashin muƙamuƙi, mugunya ta taru. Turamen ƙasa saiwarsu na kusa da ƙarƙashin harshe da maƙogwaro, kumburin na iya toshe numfashi. Ana mutuwa da shi.

Don haka ku riƙe alamu huɗu: kumburin fuska ko ƙarƙashin haɓa, zazzaɓi, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiya ko numfashi ya yi wuya. In an ga ko ɗaya daga ciki, kada a kwana. A kai mutum likita ko da tsakar dare ne, majo zai fara magani, in ya fi ƙarfinshi ya tura Mayahi ko Maraɗi. Mai ciwon sukari da mace mai ciki sun fi kowa bukatar gaggawa. Kuma a daina cewa mai ciki ba a taɓa mata haƙori. Ta faɗa ma ma'aikacin lafiya tana da ciki, ya san abin da ya dace da ita.

5. MAGANIN DA KE ƘARA CIWO

Wanda haƙori ya hana ma barci, duk abin da anka ce ya sa sawa zai yi, ba mu ga laifinshi ba. Amma ruwan batir, da fetur, da kanwa da garin taba, ƙona dasashi suke, kogon na nan. Asfirin in an ɗora shi bisa dasashi shi ma ƙuna yake yi. Gasa kumburi da tsumma mai zafi ko yin sakiya a gida na iya watsa mugunyar. Kanumfari yana kwantar da zogi na ɗan lokaci, ruwan gishiri mai ɗumi yana tsabtace baki, farasetamol yana rage zafi. A yi amfani da su kafin a kai likita, kada su zama dalilin ƙin zuwa. Kafson ƴan tire kuwa, a sha biyu yau a bari gobe, ba ya kashe ciwon, sai dai ya koya ma mikurob jure magani.

Wanzamanmu muna girmama su, sun yi ma gari aiki tun kaka da kakanni. Amma turmi na da saiwa biyu ko uku. In an kama shi da awartaki, sau da yawa kan ne ke karyewa, saiwar ta zauna ciki tana ruɓa. Ƙarfen da ya shiga bakin wani ba a dafa shi ba kuma na iya ɗauko ciwon hanta ko sida.

In an cire ma mutum haƙori a asibiti, ya cije audugar da anka sa mashi, kada ya kurkure baki da ƙarfi ko ya sha taba a ranar, don gudan jinin da ya toshe ramin shi ne maganin wurin. Washegari ya fara kurkura a hankali da ruwan gishiri.

6. RIGAKAFI

Na ɗaya, a rage yawan lokutan shan zaƙi. Ba mu ce a fasa buta ba, mun san ba za a ji ba. Amma a sha shayi bayan abinci, a rage sukarin, a taƙaita zaman kurɓa, in an gama a kurkure baki da ruwa. In kwaɗayi ya taso tsakanin abinci, ga gujiya, ga nono ba sukari.

Na biyu, a wanke haƙora sau biyu a yini, kuma na dare shi ne babba. Bayan shi kada a ci komi sai ruwa. Malamanmu sun sha faɗa muna falalar asawaki, kuma asawaki na aiki ƙwarai in an iya shi, ko na Makka ne, ko na bedi, ko na marke. Kuskurenmu shi ne mu rataya shi ga leɓe muna yawo, muna goge na gaba don su yi fari. A tauna bakinshi ya yi laushi, a bi haƙori ɗaya bayan ɗaya, waje da ciki da sama, har turmin ƙarshe.

Na uku, man goge haƙori mai filiwo. Filiwo wani sinadari ne da ke ƙara ma ɓawon haƙori ƙarfin jure tsami. Ku duba jikin kwalin, ku nemi wanda anka rubuta 1000 zuwa 1500 ppm. Ana iya shafa shi ko bisa asawaki. In an gama a tofar, kada a bi da ruwa nan take. A 2021 OMS ta sa wanga man cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa ba.

Mun san waɗansunku in sun ji filiwo sai su tuna Tibirin Gobir, inda tun tsakiyar shekarun 1980 har wajen 2000 ruwan wata rijiya mai zurfi da filiwo ya yi ma yawa ya ɓata haƙoran yara, ya tanƙware ƙafafun ɗaruruwa daga cikinsu. Abin ya faru, kuma abin baƙin ciki ne. Amma can sha anka yi kullum, shekara da shekaru, fiye da ma'aunin OMS na miligaram 1,5 cikin lita. Man haƙori kuwa tofarwa ake. Yaro dai a sa mashi kamar ƙwayar wake, babba na tsaye har ya tofar. Darasin Tibiri shi ne duk sabuwar rijiya mai zurfi da za a gina muna, mu nemi a auna ruwanta kafin a fara sha.

7. ABIN DA MUKE ROƘON ƘUNGIYA

Masu aikin haƙori a ƙasarmu kaɗan ne, galibinsu suna Yamai da manyan birane. Mutumin ƙauye kafin ya gan su sai ya biya mota, ya kwana, ya bar aiki. Saboda haka muke kawo shawara huɗu, taro ya duba.

Ta farko, gare ku ƴan bida. In za ku yo tsaraba, ku rage buhun alewa da biskit, ku sa burushi da man haƙori cikin kaya. Kuma tun da kuna zaune inda asibiti yake, ku je a duba muku baki kafin ku komo damina, a cike abin cikewa tun da kuɗin na hannu. Kuɗin cike kogo guda ba ya kai na akuya.

Ta biyu, asusun ƙungiya ya ware wani abu na rance don kai mai kumburin fuska asibiti, kada a tsaya jiran ranar kasuwa kafin a sai da dabba.

Ta uku, shugabanni su nemi hukumar lafiya ta Mayahi ko za a samu mai aikin haƙori ya riƙa zuwa lokaci lokaci. Akwai wata dabarar cike kogo da anka fara a Tanzaniya cikin shekarun 1980, da kayan hannu kawai ake yin ta, ba ta bukatar lantarki. Irinta ta dace da gari kamar namu.

Ta huɗu tamu ce, mu malaman lakwal. Mun yi alkawari duk buɗe lakwal cikin watan Oktoba za mu duba bakin ƴan CI, mu nuna musu turminsu na farko da yadda ake wanke shi, wanda munka ga tabo ko kogo mu aika ma uwayenshi. Ku kuma uwaye, in an aiko, kada ku ce na nono ne zai faɗi.

Iyayenmu dattawa, ku ne ake jin maganarku. Yadda kuke tambayar saurayi in ya komo ko ya zo da kuɗin taki, ku tambaye shi lafiyar bakinshi. Ƙarfin da ke riƙe hauya daga abinci yake, abinci kuwa sai an tauna.

 Inda munka yi kuskure a gafarce mu. Allah ya ba mu lafiya, ya kai matafiya lafiya, ya komo muna da su lafiya.